Inda marigayiyar take numfasawa

Shekarun baya, bayan na bar lakkwal ba tare da na samu bak, takardar gama sakandare, ba, na yi aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Lazaret. Mai shagon, wadda muke ce wa Tanti, ta koya mini wata dabara. Idan ka kwashi rubutu daga PDF ka zuba a Word, sai ya zo a kakkarye, kowane layi ya tsaya a tsakiyar magana. Maimakon ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ka umarci ordinatar ta share duk karayar layin gaba ɗaya, ta sa tazara a gurbinsu. Ɗaliban jami'a suka yi ta yaba saurina, ni kuwa kaina ya kumbura, har ina jin na fi Tanti iyawa.

Wata safiya wani tsohon tela ya shigo, ya kwance ƙullin hankici, ya fito da kile, ɗan abin adana rubutu da ake soka wa ordinatar, ya ajiye a gabana.

"Ɗiyata, waƙoƙin maiɗakina ne a ciki. Allah ya yi mata rasuwa. A buga da manyan baƙaƙe, zan raba wa matan da ta koya wa karatu."

Ya ce littafin da ta rubuta da hannunta ruwa ya ci shi a gidansu na unguwar Kirkissoye. Wannan ɗin a wani shago aka buga mata tun tana da rai, shagon ma ya rufe.

"To Baba, babu wani kwafi?"

"Ke ce kwafin yanzu," ya ce yana dariya, ya tafi.

Na buɗe. Shafin farko gabatarwa ce, layukanta a kakkarye kamar yadda na saba gani. Ban ko gangara ƙasa ba. Hannuna ya yi abin da ya saba, na adana a kan kile ɗinsa, na rufe, na juya wajen wata mai neman fotokopi. Da na dawo na sake buɗewa, sai na ga waƙoƙi ashirin da wani abu sun zama dunƙule guda, babu baiti, babu ɗango. Layukan waƙa ai da gangan ake karya su, ni kuwa na share duka. Na danna komawa baya har yatsana ya yi zafi. Babu abin da ya dawo.

Tanti na zaune kusa da ni tana cin gyaɗa. Da na buɗe baki, wataƙila ta san wata hanya. Tsoron kora ya hana ni. Kwana biyu ina yanka layukan da ka, ina bin inda amo ya yi kama. Inda ban gane ba sai na yanka inda ya yi kyau a ido.

Ran da tsohon ya dawo, na miƙa masa takardun da na buga, ya juya su a hannunsa, ya ce idonsa ba ya kama boko sosai, in karanta masa ta farko. Na fara. A layi na uku ya ɗaga hannu.

"A'a. Ba nan take tsayawa ba. Sai ta kai 'rijiya' take numfasawa."

Tanti ta ɗago ta dube ni.

"Haka yake a cikin kile ɗin, Baba," na ce.

Ya motsa leɓɓansa yana rera layin a hankali, sau biyu. Sannan ya ce, "To. Ita ta rubuta, ta fi ni sani. Wataƙila ni ne na fara mantawa."

Ya naɗe takardun, ya sa mini albarka, ya fita.

Da na faɗi gaskiya a wannan lokacin, da ya zauna ya rera mini su, mun mayar da kowane layi wurinsa, don duk suna kansa. Sai da na yi wata uku kafin na iya zuwa neman shi. Masu ɗinki a layinsu suka ce ya koma Damagaram wajen ɗansa, ba su da lambarsa.

Yanzu ba na taɓa rubutun kowa sai na ajiye kwafi, kuma sai na karanta har ƙarshe. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke damuna har yau shi ne, akwai mata a Kirkissoye da ke riƙe da takardun nan suna tsayawa inda ni na yanka, kuma akwai tsoho da ya tuna muryar matarsa daidai, na sa ya yarda cewa mantuwa ce.