Hamani Ba Shi Hushi

A Kaoje, shekarar da Turawa suka tattara komatsansu, namu da na Dahomey, an yi wani bawan Allah, Hamani, da ba a taɓa ganin fushinsa ba. Ka zage shi ya yi dariya, ka taka shi ya ba ka haƙuri. Garinmu kuwa in ya samu irin wannan, sai ya tatse shi tas.

Dorina ce ke fitowa daga kogin Kwara ta kwana tana kiwo a fadamar shinkafa. Maganinta a hau rumfa a yi ta dukan garwa har asuba, kuma gida-gida ake karɓa-karɓa. Amma duk wanda abin ya zo kansa sai ciwon baya ya tashi. "Hamani, riƙa min na yau." Ya riƙa. Gari na wayewa kuma ya ja kwalekwalensa ya yi ta jigilar fatake.

Matarsa Gaji kaɗai ta san inda fushin ke tafiya. Ko ranar da ya samu kwanciya idonsa biyu, yana cizon haƙora, yana maimaita zagin da aka yi masa. Ta je wurin Ɗanmaliki, mai babbar fadama.

"Baba, ku bar maigidana shi yi kwana. Ya ƙare."

"Shi yac ce miki ya gaji? Hamani ba shi hushi, ba shi gajiya."

Ranar kasuwar Lolo, rana tsaka, Hamani ya ga dorina a tsakanin masu gishiri. Ya fizgi tasar wata mata ya hau duka yana ihu. Babu wata dorina. Aka sha dariya aka ƙoshi, sannan aka sa masa mari a ƙafa.

Gaji ta yi kuka, amma ta ce ko ba komai yanzu zai huta. Ina fa. Shinkafa ta soma nuna, babu mai son hawa rumfa.

Ɗanmaliki ya ce, "Tunda ba shi kwana, kuma bugun shika so, mi za a yi da shi cikin ɗaki?"

Da marin suka ɗora shi kan rumfa, suka miƙa masa garwa. Tsofaffinmu har yau suna yabon shinkafar wannan shekara, ko kunya babu, ni kuwa haushinsu nake ji. Gaji ba ta sa ko loma ɗaya a bakinta ba.