Ranar da Ajina Ya Fahimci Liberte

Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa, kuma ɗalibai da dama sun kasa fahimtar darasina. Amma sau ɗaya tak suka fahimce shi fiye da yadda hukuma take so, kuma wannan rana ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina ƙaramin malami a lakwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi, bayan babban yaƙi, ba a daɗe da soke aikin tilas ba. Fada-fadan mishan da suka rene ni sun koya mini cewa rabin sani ya fi jahilci muni, don haka ban taɓa barin kalma ta wuce ba tare da na bi ta har saiwarta ba. Yarana kuwa ba wanda ya zo da ƙafarsa. Gardi, 'yan sandan mulkin Faransa, su ne suka kamo su daga Kiyeshe da Tibiri da Kore Mairuwa, iyayensu mata na kuka.

Ana gab da bikin Faransa na watan Yuli, darektan makaranta ya kira ni ya ce kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, zai zo ya ji yara suna bayyana ma'anar kalmar Faransanci liberte da tarihinta. Idan suka yi kyau, a tabbatar da ni a aiki. Idan suka kwafsa, in nemi gona.

Na duƙufa. Na ba su labarin talakawan da suka gaji da zalunci suka fasa kurkukun sarkinsu. Na rubuta a allo cewa liberte ita ce mutum ya tafi inda yake so, ba mai riƙe shi, muddin bai cuci kowa ba. Da Faransanci na yi duka, domin wanda ya furta Hausa a aji ana rataya masa ƙashin jaki a wuya. Ruwa ya sauka, gero ya tsiro, idanun yara duk suna taga.

Sai babban cikinsu, wani dogo ɗan Kiyeshe, ya tashi, ya ɗauko ƙashin da hannunsa ya rataya wa kansa tun kafin ya buɗe baki. Mushe suke kirana, wato Malam a bakin Faransawa.

"Mushe, wagga liberte, 'yar'uwar libere ce? Wadda anka ce ma su babanmu ranar da anka sallame su daga aikin hanya?"

Na yarda, daɗi ya kama ni. Yaro ya gano dangantakar kalmomi da kansa! Na ce tushensu ɗaya, na zana saiwar a allo da alli ja, na sa aji ya maimaita.

"Kuma ta kowa da kowa ce, Mushe?"

Na ce ta kowane ɗan Adam ce, haka littafi ya faɗa.

Da safe na tarar da aji a share tas, bencuna a jere, ƙashin jakin a kan teburina. Babu yaro ko ɗaya. Sun naɗe tabarminsu daga gidajen da aka sauke su, sun kama hanya.

Darekta bai yi ihu ba. Ya dube ni kawai ya tambaya ko na iya riƙe hauya. Aka haɗa ni da gardi uku bisa dawakai, ni a kan jaki. A Kiyeshe muka sami dogon a gona tare da mahaifinsa, suna noma.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji tsohon. "Allah shi saka maka. Munka ji kai ka libere su."

Na yi masa bayani a tsanake cewa kalmar daidai take, amma ba a aiki da ita sai da izinin kumandan.

"To, Malam, in an tashi ba da izinin, a aiko muna kafin kaka."

Babban gardin ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sa'an nan ya ciro igiya.

Ranar biki aka jera su gaban tuta, sawun igiya bai gama ɓacewa daga wuyan hannuwansu ba, gardi a tsaye a bakin ƙofa kada wani ya sake fahimta. Suka karanto ma'anar liberte da murya ɗaya, ba kuskuren harafi, ba kuskuren numfashi. Kumandan ya share hawaye, ya ce bai taɓa ganin yaran da wannan kalma ta shiga jikinsu haka ba. Ba ƙarya ya yi ba. A makon nan aka tabbatar da ni a aiki.

Da muka koma aji, dogon ya miƙa hannu zai ɗauki ƙashin, alamar yana da wata tambaya. Na riga shi, na jefa ƙashin cikin aljihun tebur, na ce ya yi tambayarsa da harshen uwarsa.

Abin da na koya shi ne, mai mulki yana son a haddace 'yanci, ba ya son a gane shi. Ni kuwa har na ajiye alli ban ba wa mai hadda maki sama da mai ganewa ba.