Mama Lea da Gizo-gizon Bakin Kwata

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, Ubangiji ya kira Malama Lea Yosiya, tsohuwar malamar kimiyya a nan Keffi. Ni ce Martina, mai kunu a Sabon Gari.

Mama, mutane za su tuna kuɗin makarantar da kika biya wa marayu. Ni raina da kika ceta nake tunawa.

Shekaru biyu da suka wuce jaririyar maƙwabcina Julius ta kwanta da zazzaɓi. Matarsa ta ga wani ɗan gizo-gizo mai ruwan ƙasa kusa da shimfiɗar yarinyar, ta doke shi da tsintsiya, sai ya watse ya zama ƙanana barkatai, suka yi wajen ƙofata. Ni gwauruwa ce, ba ɗa ba dangi a garin. Kafin in ankara an cika gidan, ana cewa mayya. Na ga duwatsu a hannu. Na ga galan ɗin fetur.

Kika ratsa taron da sandarki, kika durƙusa duk da ciwon gwiwa, kika kife kofin gilashi a kan uwar gizo-gizon da ke jan ƙafa.

"Julius, ɗana, matso ka duba," kika ce. "Manyan idanu biyu a gaba, ƙanana huɗu a jere ƙasa da su. Wannan ba ya saƙa, farauta yake yi da gudu. Macen kuwa goyon 'ya'yanta take yi. Goyo matarka ta doka."

Wani ya ce ƙarya ne. Kika kai su bakin kwatar bayan gida, kika ɗaga ruɓaɓɓen ganyen mangwaro. Ga su nan suna gudu, har da wata mai goyo. "Nan ne gidansu, inda ke da danshi," kika ce. Sannan kika sa aka kai yarinyar asibiti. Zazzaɓin sauro ne, ta kuma warke.

Har yau akwai waɗanda ba sa shan kununa. A da ban damu ba, don na san ƙofarki na nan. Yanzu ga damina ta faɗi, ganyen ya jiƙe, jiya na ga gizo-gizo ɗaya a bakin zaure. Tsoro nake ji, Mama. Amma na ajiye kofin gilashi a kan taga, kuma na iya ƙirga idanun.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da mijinki Baba Gamaliel, da 'ya'yanku Ruben da Judit, da mu da kika tsaya wa. Amin.