Illo, Wa Zai Tari Tabawa?

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 13 ga Maris 1985, sanƙarau ya ɗauke Illo ɗan Alkasum, aminina tun muna yawo ba takalmi a tsohon garin Agadas.

Illo, likitan ɓeraye muke ce maka, don ka yi shekaru a Turai kana ba ɓeraye maganin farfaɗiya. Kakan zauna a maƙerata kana yi mini bayani, ni kuwa ina goge azurfa ina dariya. Ka ce a ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da aikinsu ciyar da jijiyoyi da share musu wuri. Maganin yana sauya furotin ɗin da suke ƙerawa, wani ya ƙaru, wani ya ragu. So kake ka san ko hakan zai cuci ƙanwarka Tabawa, wadda ke shan sa tun tana yarinya.

Lokacin da fari ya koro makiyaya bakin gari, ka dawo gida. Ka yi ta zarya wurin sojoji har suka bar ka ka ɗora kwalin magani bisa buhunan hatsin da ake kaiwa Ingall. Duk inda ka zauna sai ka faɗa mana yawun mai farfaɗiya ba ya harbin kowa. Muka ce mun ji. In ciwon Tabawa ya tashi, kai kaɗai ke durƙusawa, ka juya ta gefe, ka share mata baki da hannun rigarka.

Ranar sadakar ukunka ta fito mana da ruwan sha, ta yanke jiki ta faɗi a gabanmu. Ƙofar gidan cike da mutanen da ka yi wa alheri, har da ni. Muka ja da baya, kowa ya tattare rigarsa. Ba don ita mace ce ba, yawun muke gudu. Kanta na bugun ƙasa, ba wanda ya kai hannu. Da ta farfaɗo ta share bakinta da kanta, ta dube mu ta ce, "Ku yi haƙuri, yayyena, na ɓata muku addu'a."

Illo, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, Inna Indo, da maiɗakinka Kadidia. Ta Tabawa kuwa ba ta rubutuwa. Da ƙafata zan kai mata, in Allah ya ba ni idon da zan dube ta da shi.