Kaset ɗin Kawu a gonar Riruwai

Bari in fara da gyara, don na gaji da amsa tambaya ɗaya. Ba wurin boka na je Riruwai ba. Ba kuma wani saurayi na bi ba. Masu cewa aljanun da ke cikin wayata ne suka kira ni daji kuwa, su ko amsa ba zan ba su ba. Kaset na je nema. Kaset ɗaya, mai ruwan toka, babu rubutu a jikinsa, sai tabon ƙuna a gefe guda.

Waɗanda suka daɗe a shafin nan sun san abin da nake ji: hebi metal, musamman reshensa mai jan ƙafa da ake kira dum, wanda jita ke tafiya a cikinsa kamar tirela ta ɗauko siminti tana hawan tudu. A wurin Kawu na koya, wan mahaifiyata. Yana saurayi ya yi aikin janareta a wurin haƙar kuza na Riruwai, da wani Bature zai koma gida ya bar masa kwali cike da kaset. Ina ƙarama nake zama a shagonsa na gyaran rediyo a Bebeji yana sa su. Daga baya na gano yawancinsu a intanet, tsofaffin albam ne da duniya ta sani. Guda ɗaya ne ya gagare ni. Na taɓa rera shi da baki na tura wa wani zauren masoya wannan kiɗa, wani daga can ƙasar waje ya tambaye ni ko 'yar damfara ce ni.

Da Kawu ya rasu, wani tsohon abokinsa ya zo ta'aziyya daga Riruwai, ya roƙi kwalin. Matar Kawu ta miƙa masa da hannu biyu, don dama tsoron hotunan ƙoƙon kai da ke jikin kwalayen take yi. Ban sani ba sai kwanan baya, da maƙwabcinmu mai saro masara a Doguwa ya ce ya ga gonar tsohon an zagaye ta da zaren kaset don korar tsuntsaye. Yana faɗa yana dariya. Ni kuwa nan take na fara shirin tafiya.

Mun tashi da asuba, ni da Inna, ƙanwar mahaifiyata. Cewa ta yi shinkafa za ta duba a Tudun Wada. Ƙarya ce, leƙen asiri aka turo ta, kuma ta san na sani. Mai babur ɗin da ya fito da mu bakin titi ya ce kuɗi ya ƙaru saboda mai, sai ka ce jiya da daddare aka ƙara masa shi kaɗai. A Kwanar Dangora muka sha shayi da ƙosai a tsaye, Inna tana rungume da jakarta kamar duk tashar ita suka zo wa. Kwandasta ya rantse mutum ɗaya ya rage mota ta tashi. Mutum ɗayan nan har rana ta ɗaga ba a haife shi ba, sannan na lura biyu daga cikin fasinjojin 'yan tashar ne aka zaunar don cika ido.

Daga nan hanya ba laifi, gonakin shinkafa kore shar dama da hagu. Na sa abin ji a kunne. Wata mata da ke gefena mai goyo ta ce in ba ta ta ji wa'azin da nake ta gyaɗa wa kai. Na ba ta. Ba ta yi numfashi uku ba ta cire, ta gyara goyonta zuwa ɗaya ɓangaren, ta shiga karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Inna ta ce mata, “Haka muke fama, baiwar Allah.” A Tudun Wada Inna ta damƙi shinkafa a hannu, ta shinshina, ta ce da tsada, ta koma mota ba ta sayi ko gwangwani ba.

Dajin Falgore kowa ya san labarinsa, don haka muna shiga motar ta yi tsit. Hatta mai goyo ta daina hararata. Itatuwa sun haɗe, ciyawa ta fi mutum tsayi, duk wanda ka hango a gefen hanya sai ka yi ta kallon hannunsa. A shingen jami'an tsaro aka leƙo, aka dube mu, aka ce Allah ya kiyaye. Na ga birai zaune a kan wani dutse suna kallon motoci kamar su ma haraji suke karɓa. Ban san da danginsu zan yi shari'a da yamma ba.

A Doguwa muka canza mota, muka sayi gasasshiyar masara mai zaƙin da ban taɓa ci a Bebeji ba, da rake. Hanyar Riruwai duwatsu ne da gangare, iska da ɗan sanyi, ga tsofaffin gine-ginen ma'aikatan kuza sun yi baƙi, wasu ba rufi. Garin ya tara yare kala-kala, amma tambaya ɗaya suke yi: wurin wa kuka zo, kuma me za ku saya? Da na ce tsohon kaset, wani mai shago ya kalli na kusa da shi, suka yi murmushin da bai yi mini ba.

Mun sami Baba, abokin Kawun nan, a ƙofar gida yana gyaran fartanya, dogon tsoho mai ido ɗaya da ya yi fari. Muka durƙusa muka gaisa, aka yi wa Kawu addu'a, aka kawo fura. Inna ta so a yi ta zagaye-zagaye har magariba. Ni ban iya ba.

“Baba, kaset ɗin Kawu na zo karɓa. Mai tabon ƙuna.”

Ya ajiye fartanya. “Wa ya turo ki?”

“Ba kowa.”

“Daga Bebeji, ki keto Falgore, saboda roba? 'Yata, ni ma a garin ma'adinai na tsufa. Bara wasu sun zo suna sayen tsofaffin kekunan ɗinki da rediyoyi, wai akwai wani sinadari mai tsada a cikin kayan Turawan da. Me ke cikin wannan?”

“Kiɗa.”

Ya juya wurin Inna. “Hajiya, me ke cikinsa?”

“Wallahi Baba ni ma abin da aka turo ni in gano ke nan.”

Ni a raina na riga na yanke hukunci: ko ya warware shi a gona yana jin kunyar faɗa, ko ya ɓoye yana jiran mai saye. Na ce a kai ni gonar in gani da idona.

Bayan la'asar muka hau. Gonar tana gindin dutse, masara ta goya, dawa a gefe ta fara fitar da kai. Tun daga nesa na hango ƙyallin. Zaren kaset ne daga wannan sanda zuwa waccan, layi-layi, yana rawa a iska yana wani siririn kuka. Kwalayen suna zube a bakin kunya, ruwa ya jiƙe hotunan. Na tsuguna ina ɗaga su ɗaya-ɗaya. Na san kowanne. Ga wanda ake cewa da shi aka fara kiɗan gaba ɗaya, ga na wasu da suka yi albam ɗaya suka watse. Duk an zare musu hanji saboda tsuntsu. Na juya ɓawon kowane kaset ina neman tabon ƙuna, Baba yana tsaye a kaina yana lura ko zan sa wani abu a jaka.

Babu shi a ciki.

“Ina yake?”

Ya nuna bukkar gadi da baki. A ciki akwai tsohuwar rakoda ɗaure da roba, an jona ta da batirin babur, waya ta fita zuwa lasifikar da aka rataye a reshen ɗorawa. Kaset ɗin yana cikinta. Ta gilashin na ga tabon da ƙarfen darmar Kawu ya yi masa.

“Tsuntsu zare ya ishe shi,” in ji Baba. “Biri kuwa ba ya tsoron zare. Na buga gwangwani, na sa musu rediyo, har labarai suke zama su ji. Wannan kaɗai ke korarsu. Ki ɗauke shi yau, jibi ba ni da masara.”

Na ce ina da irinsa cike da waya, waɗanda suka fi shi nauyi ma. Ya ce to ga su can suna saukowa, bismillah. Na ɗaga waya sama na ƙure murya. Wani ƙaton biri ya tsaya, ya dube ni, ya karya masara, ya ɓare ta a gabana. Inna ta yi dariyar da har ta zauna a kan kunya.

Baba ya danna rakoda.

Shi ne. Jitar nan mai kauri da ke shigowa kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan siminti, ganga tana biye a hankali, mawaƙin can nesa kamar daga cikin rijiya. Amma ya gaji. Sautin yana lanƙwashewa, yana dusashewa ya dawo, don safe da yamma ake murza shi a cikin ƙura da raɓa. Na kunna rikodin a wayata na kanga a bakin lasifika. Ba a je ko'ina ba rakodar ta yi wani gurnani, ta cinye zaren. Na yi tsalle na kashe. Na zaro shi a hankali, na yanke inda ya tauna, ɗan tsawon yatsa, na haɗa da salatif ɗin da na zo da shi, na naɗe da biro yadda Kawu yake yi. Na tambayi Baba sau nawa hakan ta faru. Ya ce yakan faru. Na duba da kyau, sai ga ƙulli har biyu a cikin zaren. Ƙulli, kamar igiyar akuya.

Na faɗa masa maganganu, ba zan maimaita su a nan ba, Inna ta riga ta kai rahotonsu gida. Ya mayar da kaset ya danna, ni kuma na sake kunna rikodin a wayata.

Akwai wani wuri a tsakiyar waƙa ta biyu da komai ke tsayawa, jita ta riƙe sauti ɗaya ta yi ta ja har ka ɗauka rakoda ce ta lalace, sannan ganga ta faɗo gaba ɗaya. Duk lokacin da aka zo nan, Kawu yakan ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗaga yatsa sama, ya jira, ya sauke shi daidai da gangar. Ina jin wurin yana matsowa na runtse ido ina roƙon kar a ce shi aka ƙulle. Yana nan. Na buɗe ido, sai na ga Baba a bakin bukka, yatsansa a sama, idonsa mai gani a rufe. Ya sauke shi daidai, ko ɗan kuskure babu. Birai suka watse cikin duwatsu, shi ko kallonsu bai yi ba.

“Baba, tare da Kawu kuke jin wannan?”

“A ɗakin janareta, in an tashi aiki.” Ya yi gyaran murya. “Birai ne kawai suka sa na ajiye shi.”

Ƙarya yake. Mutumin da ya warware kwali guda bai taɓa wannan ba tun kafin ya san biri na tsoronsa. Amma ban faɗa ba, kuma ku rubuta wannan, don ba kullum nake yin shiru ba.

A gidansa muka kwana, na sake roƙo da safe kafin mu taho. Ya ce in kawo abin da zai kori biri a gaban idonsa, ranar zai ba ni da hannunsa. Har muka hau babur yana tambayar Inna a gefe ko da gaske ba sinadari a ciki.

Dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe bayan Tudun Wada, muka sha fura da nono a wurin wata Bafulatana da ta rantse ba ta sa ruwa, ni kuma na rantse ta sa. Mun shiga Bebeji ana kiran magariba. Inna ta shaida wa Umma cewa ba boka, ba saurayi, ciwon dai na gado ne daga wurin yayansu.

Na tura abin da na naɗa a zauren nan, da kukan birai da tarin Baba a ciki. Har yanzu ba wanda ya gane shi. Wanda ya ce mini 'yar damfara shi ya fara rubuto cewa wataƙila wasu samari ne suka naɗa da kansu suka raba wa abokai, kuma mai yiwuwa na gonar nan ne kaɗai ya rage. Yanzu yana so in aika masa da kaset ɗin in na karɓo. Shi ma ban yarda da shi ba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Na tafi ina zargin tsoho da ɓarna, ya tarbe ni yana zargina da cuta, ashe mutum ɗaya muke kewa. Wannan bai hana rakodarsa cin zare ba, kuma masara ba ta isa girbi ba tukuna, ma'ana gobe da safe ma zai danna.

Don haka ranar kasuwa zan shiga Kano in sayi lasifika mai caji da rana, babba, wadda ake sa wa katin memori. Zan cika katin da mafi nauyin abin da nake da shi, in koma Riruwai kafin satin ya fita, ko Inna ta bi ni ko kar ta bi. Waƙar farko a kan katin ita ce wadda na naɗa a gonarsa, da wurin ɗaga yatsa a ciki. In ya ji ta, zai ba ni kaset ɗin Kawu.