Ɗan Farina a Ajin Wani

Shekarar da ɗan farina ya shiga kwalejin koyon aikin lafiya da nake koyarwa a Makarfi, na san akwai aiki a gabana. A gidanmu na Kudan ba a kiran sunan ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya koma ga Allah, ni ma haka na tashi. "Kai" nake ce wa yaron, in ba ya kusa kuma in ce da uwarsa, "Ina wannan?" To ga shi a benci na uku a ajina. In ina kiran rajista na zo kansa, sai in yi tari in tsallake, 'yan aji suna murmushi ƙasa-ƙasa.

Ni malamin tsohon yayi ne, ba na musu. In shiga, in buɗe littafina da ya sha jiki, ina karantawa suna rubutawa, awa biyu cur. Ɗalibaina suna cin jarrabawa, amma ban tuna ranar da wani ya biyo ni ofis don hira ba.

A shekarar aka kawo mana sabon malami ɗan Ikara, wanda ko ƙanena na uku ya girme shi. Shi ke koyar da allura da ɗaurin rauni. Mutumin nan ba ya zama wuri ɗaya. Sai ya sayo lemo a kasuwa ya raba, kowa ya koyi soka allura a jikin lemonsa, in an gama a ɓare a sha. Ya san sunan kowa da garin kowa. Bango ɗaya ke tsakaninmu, ina tsaka da jero wa wani ajin sunayen ƙasusuwa sai in ji dariya ta ɓarke a can. A cikin dariyar nake tsinto ta ɗana, wadda rabona da jin ta tun yana firamare. Sannan in ji malamin ya kwaɗa masa kira da cikakken sunansa, ko a jikinsa.

Kishi na yi, ba wani abu ba, kuma kishi mai muni. A ɗakin malamai na ce wasan yara yake yi. Na kai ƙara wurin shugaban sashe cewa hayaniyarsu na hana ni aiki. Ran da ya miƙo mini lemo na ce ina fama da ciwon haƙori, alhali ko ƙashi aka ba ni zan tauna. A gida kuwa in na ji yaron yana ce wa uwarsa "Malam ya ce," sai in ture kwanon tuwon, don na san ba ni ake nufi ba.

Kullum a babur ɗina muke tafiya mu dawo, ta tsakiyar gonakin rake. Bayan gaisuwar safe ba mai cewa uffan. Ni a ganina tarbiyya ke nan.

Da aka tura su asibiti koyon aiki, wata rana bayan azahar malamin ya shigo ofishina. Ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce albishir ya kawo. Wai jiya yaron ya ɗaure wa wani mai yankan rake sara a ƙafa shi kaɗai. Ina shirin cewa to sai me, ya ci gaba. Ashe ranar farko da yaron ya ga jini faɗuwa ya yi sumamme. Makonni ya yi bai shiga ɗakin marasa lafiya ba, sai dai ya zauna a bayan asibiti har a tashi. Har takardar barin karatu ya rubuta. Malamin ya karɓe ta ya ajiye, ya riƙa kai shi mahauta yana kallon yanka daga nesa, kullum suna ɗan matsawa.

"Na ɗauka ka sani, ranka ya daɗe," in ji shi.

"Na sani mana," na ce. Ƙarya nake yi, shi ma ya gane, ya sunkuyar da kai ya yi mini sallama. Ladabin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Da yamma a hanyar gida na tsayar da babur a bakin wata gona, na kashe. Ban juya ba, don ba zan iya kallonsa ba. Na tambaye shi me ya sa ya kai wa bare maganarsa, ga ubansa a makarantar.



"Ba kai masa na yi ba, Baba. Gani ya yi na rame, ya tambaye ni."

Na tayar da babur muka kama hanya. Wata da watanni ina ɗauko yaron nan safe da yamma, ƙirjinsa a jikin bayana, ban taɓa jin ya rage nauyi ba.