Shafi Biyun da Na Liƙe da Ƙaro

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina koyar da Turanci a wata firamare ta wajen Indabo, kuma akwai darasi ɗaya da ban taɓa koyarwa ba. Shi ne na yadda ake faɗin abin da ya riga ya faru kafin wani abin ya biyo baya, inda ake cewa had gone, had eaten. Dalili kuwa ni kaina ban iya ba. Karatuna gajere ne, ban gama makarantar horon malamai ba aka ɗauke ni aiki saboda ƙauye babu malamai. Na haddace go, went, gone kamar karatun allo, amma da zarar an sa had a gaba sai kaina ya ɗaure.

Littafin aji shida guda goma sha biyu ne, a akwatina suke kwana. Wata Asabar na jiƙa ƙaro a murfin kwano, na bi su ɗaya bayan ɗaya na liƙe shafi biyun da darasin yake, na danne da dutse har suka bushe. Shekara da shekaru yara na tsallakewa ba su sani ba.

Sai wata yarinya 'yar Dagumawa ta lura. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, daga shafi na arba'in da ɗaya sai na arba'in da huɗu." Na ce kuskuren masu buga littafi ne. Lokacin tara ta sa reza ta raba shafukan a hankali, ta kwafo jimla guda ta kawo mini in fassara mata. Na duba jimlar, na duba ajin, ido talatin da wani abu a kaina. Na yi mata bulala shida, na ce ta lalata kayan gwamnati, na kuma aika wa ubanta. Kashegari dattijon ya zo da ƙwan zabi a ƙwarya yana ba ni haƙuri. Na karɓa. A gidana aka soya.

Yarinyar nan yanzu babbar malama ce. Tana da ajin manya a Sabon Gari duk Asabar bayan la'asar, ga ma'aikatan da ke shirin jarrabawar ƙarin girma da mata masu son ƙaro karatu. Bara na saka babbar rigata na tafi. Tana ganina ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gida da iyali da ƙarfin jiki, ta sa a kawo mini kujera. Na ce a bar kujerar. A tsaye, gaban ɗalibanta, na faɗi abin da na yi tun daga ƙaro har ƙwai.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malam, bulalar na manta zafinta. Ƙwan nan kuwa inna ta tara ne za a kai kasuwar Juma'a. Kwana uku baba bai yi mini magana ba."

Na ce, "Ki yafe mini, 'yata."

"Wannan sai na yi tunani," in ji ta. "In karatu ne, ga benci."

Na naɗe hannun riga na zauna tsakanin wani masinja da wata ungozoma.

Kafin sati ya zagayo labari ya kai majalisarmu ta tsofaffin malamai, inda muke zama gindin darbejiya da hantsi. Wanda ya taɓa zama hedimastanmu ne ya fara.

"Ga ɗan aji ɗaya nan! An ba ka kuɗin tara kuwa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai ya gyara zama, murya ta canza. "Malam, ba kanka kaɗai ka tona wa asiri ba. Yanzu duk wanda muka koyar zai riƙa duban mu yana lissafin abin da muka tsallake. Wane ne a cikinmu bai taɓa kauce wa darasi ba? Lokacin ne haka. Ka yi tubarka tsakaninka da Ubangiji, ka bar mu da mutuncinmu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba Ubangiji na yi wa bulala ba. Wadda na daka tana nan da ranta a Sabon Gari."

"To sai ka je gida ka same ta. Dole sai gaban jama'a?"

"A gaban jama'a na dake ta."

Tun ranar idan na iso sai hira ta mutu, wasu su tuna da aiken da suka manta. Wani ma ya aiko wa uwargidana cewa a duba ni, ko rikicin tsufa ne. Ta ce masa ta duba, lafiyata ƙalau, taurin kai ne kuma da shi ta aure ni. Na daina zuwa gindin darbejiyar. Su riƙe tabarmarsu.

Darasin da na guje wa duk rayuwar aikina, wata biyu ya ɗauke ni. Ba na cewa na ƙware. Har yanzu malamar kan zagaye mini kurakurai da jan biro, ba ta rage mini maki ko ɗaya don furfura, kuma a aji ba ta ce mini Malam, sai dai Baba na benci na uku. Maganar yafiya ba ta sake tayarwa ba, ni ma ban matsa mata ba, domin hakkinta ne, ta riƙe shi iya son ranta. Ranar Asabar mai zuwa akwai gwaji, kuma zan je.